Wasiƙar Mai Karatu Zuwa Ga Edita: Sigarta da Hannun da Ke Gyara Ta

Masu nazarin adabin Hausa sun yi wa waƙa hidima, sun yi wa ƙagaggun labarai, har wasan kwaikwayo ma ya sami rabonsa. Amma akwai wani irin rubutu wanda ya girmi yawancin littattafan da muke koyarwa, kuma hannuwan da suka yi shi sun fi na mawallafa yawa nesa ba kusa ba, duk da haka ba safai akan ɗauke shi a bakin kome ba. Ina nufin wasiƙar da mai karatu kan aika wa editan jarida, da 'yar'uwarta, watau maƙalar ra'ayi. A makarantun horon malamai akan ba ta darasi ɗaya ko biyu, a nuna inda ake sa adireshi da kwanan wata, shi ke nan a wuce. Abin da nake so in nuna a wannan takarda shi ne, wasiƙar nan tana da siga tata ta kanta wadda ta gada daga gida, kuma abin da muke gani a shafin jarida aikin hannu biyu ne, na marubuci da na edita. Wanda ya manta da haka, in malami ne zai koyar da ita a karkace, in kuwa mai bincike ne zai kafa hujja da ita inda ba ta isa hujja ba.

A nan Nassarawa ta Kano, inda nake zaune, har yanzu Gidan Ɗan Hausa yana tsaye. A unguwar nan ne Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Shekara talatin cif bayan buɗe makarantar, a watan Janairu na 1939, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin Hukumar Talifi wadda Dokta Rupert East ke shugabanta, Malam Abubakar Imam ne edita. Ba ita ce ta fari ba, domin tun 1932 an yi Jaridar Nijeriya ta Arewa, amma waccan muryar Gwamnati ce daga sama zuwa ƙasa. Ita ma Gaskiya da irin wannan niyya aka kafa ta, don a kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Sai dai da jarida ta shiga hannun jama'a a kan kwabo ɗaya, magana ta soma komowa daga ƙasa zuwa sama. Malaman makaranta da malaman En'e da 'yan kasuwar da suka iya boko suka ga ai ga wata hanya ta buɗe, suka ɗauki alƙalami.

To, da suka ɗauki alƙalamin, wane tsari suka bi? Ba su taras da fili fetal ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wasiƙa. Duk wanda ya duba wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato bayan zuwan Turawa, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, zai ga tsari guda wanda ba ya cika sākewa: daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa da addu'a gwargwadon darajar wanda aka rubuta wa, sai kalmar da ke raba gaisuwa da buƙata, sai buƙatar kanta a taƙaice, sai sallama. Wannan kalma mai rabawa ita ce ta zama “bayan haka” ko “bayan gaisuwa” a bakinmu, kuma “haza wassalam” da tsofaffi ke rufe takarda da ita daga can ta fito.

Akwai kuma gado na biyu, wanda a ganina ya fi na farko ƙarfi, shi ne al'adar kai kuka. A tsarin sarauta talaka ba ya tunkarar sarki kai tsaye. Yakan bi ta wani, kuma wannan wanin ana ce da shi ƙofa, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na mulkin Zazzau na 1960. Ƙofa shi ke karɓar gaisuwa, ya saurari kuka, ya tace shi, ya isar da shi cikin lafazin da fada za ta iya ji. Ra'ayina shi ne, mai karatun Hausa ya ɗauki edita a matsayin ƙofa, kuma duk abin da ke cikin wasiƙar wanda ɗan boko ke gani kamar surutu ne marar amfani, daga nan ya samo dalilinsa.

Ga misali wanda na tsara da kaina bisa tsarin da aka saba gani, don mu sami abin da za mu feɗe:

“Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in kai kukanmu ga mahukunta. Mu mutanen unguwa kaza, yau wata uku ke nan da aka karɓi kuɗinmu wai za a haƙa mana rijiya, har yanzu ko diga ba a sara ba. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Muna roƙo a duba mana.”

Mai karatu ya lura da wakilan suna. A jimlar farko akwai “ni” da “ka”, mutum ɗaya yana magana da mutum ɗaya. “Jaridarka mai farin jini” ita ce gaisuwar da ake miƙa wa ƙofa, “ka ba ni fili” kuwa neman iso ne. Daga jimla ta biyu edita ya ɓace, ba a sake ce masa “ka” ba har ƙarshe, domin aikinsa ya ƙare, ya riga ya buɗe ƙofa. Shi ma marubucin ya ɓace, “ni” ta zama “mu”. Wannan “mu” garkuwa ce, gama mutum ɗaya ana iya kiransa a tsare shi, unguwa kuwa ba a ɗaure ta. Sa'an nan sai abin da ya fi kome muhimmanci: “aka karɓi”, “za a haƙa”, “ba a sara ba”, “a duba”. Wa ya karɓi kuɗin? Wasiƙar ba ta faɗa ba, amma ba wanda ke unguwar da bai sani ba, kuma wanda ya karɓa ya fi kowa sani.

Wannan wakilin suna na “a”, da “an” da “aka” da “akan” da sauran sigoginsa, wanda Paul Newman ya lasafta shi mutum na huɗu a babban nahawunsa na shekarar 2000, yana yin aiki biyu a lokaci guda, abin da Turanci ke bukatar hanya biyu kafin ya yi. Yana sakaya mai aikatawa, kuma yana girmama wanda ake magana da shi. Yaro mai ladabi ba ya ce wa dattijo “ka tashi lafiya?”, sai ya ce “an tashi lafiya?” Saboda haka “aka karɓi kuɗinmu” zargi ne da ba a iya kai mai yinsa gaban alƙali a kansa, “a duba mana” kuwa umurni ne da aka sa wa rigar ladabi. Da wakilin suna guda marubuci ya tuhumi na ƙasa, ya rusuna wa na sama, ya kuma tsare kansa. Ni dai ban san wata dabara a rubutun zube na Hausa da ta fi wannan tattalin kalmomi ba.

'Yar kalmar nan “wai” ita ma tana ɗauke da kaya. Tana nesanta mai magana daga abin da yake faɗa: haka aka gaya mana, ba mu muka ce ba, kuma ga alama ba mu gaskata ba. Karin maganar da ta biyo baya ba ado ba ce kawai. Marubuci ya janye bakinsa ya sa bakin magabata, ya ce in mai kuɗin nan yana da gaskiya ya fito ya yi bayani, amma ba shi ya faɗa ba, “an ce” ne. Habaici ke nan irin na zaure, wanda kowa ya san inda aka dosa, ba kuwa wanda zai ce da shi ake sai ya tona kansa.

Dole a tuna halin da masu rubutun farko suke ciki. Yawancin waɗanda suka iya boko a shekarun 1940 albashin En'e ko na Gwamnati suke ci, kuma dokokin aiki sun taƙaita wa ma'aikaci rubutu a jarida kan al'amuran mulki. Wannan ne ya sa sakaya suna ta yawaita, mutum ya sa hannu da laƙabi irin na mai kishin ƙasa ko na bawan Allah talaka. Har ila yau jarida guda mutum ɗaya ke karanta wa goma a dandali, kuma ba kowace wasiƙa mai ita ne ya rubuta da hannunsa ba, akwai masu rubuta wa mutane takarda a biya su. Saboda haka rubutu ne da aka yi don kunne, shi ya sa jimlolinsa ke da numfashi irin na magana. Imam ya fahimci matsayin da jama'a suka ba shi. Da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya kuma rubuta masa damuwar matasan Arewa masu ilmin zamani game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e. Watau ƙofa ya isar da kuka har inda masu kukan ba su zata ba. Kuma ba abin mamaki ba ne da a shekarun 1970 aka ɗora shi a kan ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da a haƙiƙa ya daɗe da farawa a teburin edita.

Kada a ce na mai da tsarin nan marar aibi. Yana da aibi, kuma babba. Garkuwar da ke tsare marubuci ita ce kuma ke tsare mai laifi. Wasiƙar da ba ta ambaci kowa ba, kowane ofishi yana iya cewa ba da shi ake ba. 'Yan siyasar Kano na farko sun gane haka. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, magoya bayanta sun fi karkata ga jaridu irin su Comet, wadda ta komo Kano a 1949, domin suna ganin Gaskiya ta Gwamnati ce. Salonsu na ambaton abu da sunansa ne, kuma da yawa daga cikinsu sun sha ɗauri a kotunan alƙalai saboda abin da bakinsu ya furta. Ko mutum ya yarda da siyasarsu ko bai yarda ba, ta fuskar harshe sun nuna cewa “aka” zaɓi ce, kuma barinta yana da farashi. Aibi na biyu shi ne wanda kowane malami ya sani: in tsari ya daɗe sai ya zama ɓawo. Akan sami wasiƙar da gaisuwa da yabon jarida suka cinye rabinta, karin magana uku suka cinye sauran, mai karatu ya kai ƙarshe bai san ko rijiya ake nema ko asibiti ba. Irin wannan ya kamata a soke ta, amma don marubucin ya kasa, tsarin ba shi da laifi a nan.

Maƙalar ra'ayi labarinta dabam ne, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Iyayenta biyu, wa'azi da insha'in Turanci, kuma har yau ba su gama sasantawa ba. Jaridun Hausa galibi a gida ɗaya suke da na Turanci: Gaskiya ta zauna da Nigerian Citizen tun 1948, daga baya da New Nigerian tun 1966, Albishir da Alfijir ta ajami sun fito daga kamfanin Triumph wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, Aminiya, wadda aka fara a 2006, ƙanwar Daily Trust ce. Masu rubuta ra'ayi da yawa da Turanci suke tunani, sa'an nan su sauya. Shi ya sa ake cin karo da “a ƙarshen rana” inda Bahaushe zai ce “daga ƙarshe” ko “a ƙarshe dai”, da jimla mai tsawon zangon raƙumi wadda aikatau ɗinta ya ɓace a tsakiya. Abin lura shi ne, wasiƙar mutumin ƙauye mai aji huɗu sau da yawa ta fi maƙalar mai digiri zama Hausa.

Yanzu sai hannu na biyu. Duk wanda ya zauna ya karanta shafin wasiƙu na tsofaffin jaridu zai ga abu guda wanda ya kamata ya tsai da shi: mai rubutu daga Sakkwato da mai rubutu daga Bauchi da na Katsina duk Hausa ɗaya suke yi. Alhali mun san Basakkwace “sun ka zo” da “mun ka gani” yake cewa inda Bakano ke cewa “suka zo” da “muka gani”. Mun san a Zazzau da Bauchi bambancin jinsi a nahawu ya yi rauni, har a ji “mace ne”. Mun san “hw” ta yamma a wurin “f”. Ina duk waɗannan suka tafi? Wani ɓangare marubutan ne da kansu suka kwaikwayi Hausar littafi, gama makaranta ta koya musu cewa ita ce ta rubutu. Sauran kuwa alƙalamin edita ne ya share. Gidan Gaskiya, wanda ya zama kamfani a 1945, shi ne babbar maƙerar da aka ƙera daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano, tun kafin a kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, tun kafin taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 kan ƙa'idojin rubutu. Ƙananan jaridun larduna na zamanin Yaƙi da Jahilci, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, daga hukumar NORLA ta Zariya suka fito, har aka rufe ta a 1959.

Ma'anar wannan ga mai bincike a fili take. Wasiƙar da aka buga ba za ta zama shaidar karin harshen garin da aka sa a ƙarƙashinta ba. Ba za ta zama cikakkiyar shaidar ra'ayin jama'a ba, domin edita ne ya zaɓi ɗaya ya bar goma, kuma editan jaridar Gwamnati yana da nasa iyakoki. Wannan matsala ba ta Hausa kaɗai ba ce. Jaridar Spectator ta Ingila, wadda Addison da Steele suka fara a 1711, ta cika da wasiƙun masu karatu, kuma sananne ne cewa waɗansu masu jaridar ne suka gyara su, waɗansu ma su suka rubuta. Ban ce an yi haka a Zariya ba. Na ce dai takardar da ta bi ta ƙofa, da lafazin ƙofa take isa.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Wata damina kwalbatin layinmu a nan Nassarawa ya toshe, ruwa ya shiga gidaje, na rubuta wa wata jarida. A ciki na ce wai an ba da kwangilar gyaransa tun bara, domin haka na ji a bakin maƙwabta, ban ga takarda ba. Da wasiƙar ta fito an yanke gaisuwa, wannan bai dame ni ba. Amma an cire “wai”. Baƙaƙe uku kacal, sai jita-jitar unguwa ta zama shaidata, da sunana a ƙasa. Mai gyaran ba mugunta ya yi ba, fili yake nema, ya ɗauka kalmar cikon baki ce. Daga ranar na daina ganin gyaran edita a matsayin aikin waƙafi da aya kawai.

Ga 'yan'uwana malaman makarantun horo, abin da nake ba da shawara kaɗan ne. Tsarin da ke cikin yawancin darussanmu na Turanci ne aka sa wa Hausa: adireshi a dama, adireshi a hagu, take, sakin layi uku, sa hannu. Ba laifi ɗalibi ya san wannan, gama jarrabawa na tambayarsa. Amma in nan aka tsaya, an koya masa inda zai sa kwanan wata, ba a koya masa da wa yake magana ba. Ya kamata a sa shi ya rubuta kuka guda sau biyu, sau ɗaya da “aka” da “a duba”, sau ɗaya da sunan ofishin da abin ya rataya a wuyansa da ranar da abin ya faru, sa'an nan aji ya tattauna wace ce za ta fi kawo gyara, wace ce kuma za ta fi jawo wa mai ita wahala, da irin hujjar da dole ya riƙe a hannu kafin ya aika da ta biyun. A ba shi damar gaisuwa layi ɗaya da karin magana ɗaya, a kuma tambaye shi aikin da karin maganar ta yi. In ya kasa faɗa, a soke ta.

Bayan haka kowane ɗalibi ya aika da wasiƙa ta gaske ga jaridar Hausa da ya zaɓa, ya ajiye kwafinta a wurin malami da kwanan watan da ya aika. Waɗanda aka buga nasu sai a jera biyun a kan allo, ta hannu da ta jarida, a bi su kalma kalma, a rubuta abin da aka cire, da abin da aka sauya, da taken da aka ɗora. In makarantu biyar ko shida, daga Sakkwato zuwa Azare, suka yi haka shekara biyu suka turo wa wannan Sashe abin da suka tara, za mu sami wasiƙu masu asali da bugu a jere, daga kare-karen harshe dabam-dabam, waɗanda za a iya auna hannun edita da su.